Yadda Ake Gwada Saitin Bindigar Farauta A Kan Takarda

Maharbi zai saki wuta kan garken zabin daji daga taku talatin, su tashi gaba ɗaya ko gashi bai faɗo ba, ya dawo gida yana cewa harsashin jabu ne, ko naman yana da asiri. Sau da yawa ba harsashin ba ne, ba kuma asiri ba ne. Bindigar ce take jefawa sama ko gefe, shi kuwa bai taɓa ganin inda take jefawa ba, domin daji ba ya nuna maka inda dalma ta bi. Takarda ce take nunawa. Wannan bayani na mai bindigar farauta ne mai baki ɗaya ko mai baki biyu, wadda ake karyawa a sa mata harsashin kamfani, ko mai ƙananan ƙwayoyi ko mai dunƙule ɗaya.

Sharaɗi kafin komai: bindigarka ta kasance da lasisi. A Dokar Bindigogi ta 1959, irin wannan bindiga lasisinta daga ofishin Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, bindigar toka kuwa daga Kwamishinan 'yan sandan jiha. Dokar nan ta hana mutum ya haɗa harsashi da kansa ba tare da izini ba, shi ya sa ba za ka ga maganar ɗura kwanso a nan ba. Ko da babu doka ma, kwanson da aka sake cikawa a zaure da albarushin da aka auna da ido ba ya gwaduwa: na farko ya fita da rauni, na biyu ya kusa tsage bututu. Me za ka auna a nan?

Kayan aiki

Bindiga da takardar lasisinta a aljihu. Harsashi iri biyu ko uku, kowane iri daga kwali ɗaya, kada ka gauraya. Takarda mai faɗi, aƙalla mita ɗaya da 'yan kai ta kowane gefe. Kwalin firji ko na talabijin ya fi komai, in babu sai ka farke buhunan siminti na takarda ka haɗa su da gam. Sanduna biyu na kafawa, da ƙusoshi ƙanana ko igiya. Tef na magina. In ba ka da shi, ari na tela, ka auna doguwar igiya ka riƙa ƙulla ta a kowace mita biyar. Kada ka dogara da taku, takun mutum da safe daban, takunsa in ya gaji daban. Sai maka ko gawayi, da biro, da ɗan littafi. Buhu guda da aka cika rabi da yashi ko dusa, da ganga ko tebur mai ƙarfi da za a ɗora shi. Abin toshe kunne da tabarau. Sandar goge bututu, tsumma, da man bindiga; in babu, man keken ɗinki yana yi. Na ƙarshe, abokin tafiya mai hankali, wanda aikinsa ya sa ido a kan hanya.

Maganar kunne kada ka raina ta. Je ka zauna da tsofaffin maharba ka ga nawa ne sai an ɗaga musu murya. Auduga ba ta isa ba, nemi irin toshin roba da masu injin niƙa da ma'aikatan kamfani suke sawa.

1. Duba bindigar tun a gida

Karya ta, ka tabbatar babu komai a ciki, ka ɗaga bututun wajen haske ka leƙa ta baya. Abin da kake nema shi ne toshewa, tsatsa mai rami, lotsawa, ko kumburi. A ƙasarmu babban mai toshe bututu zanzaro ne. Bindiga ta yi damina a rataye a ɗaki, sai ya shiga ya yi gininsa na laka a ciki, mai ita bai sani ba. Harbi a kan wannan gini yana iya kumbura bututu ko ya fasa shi dab da hannun hagunka. Shafa bututun ta waje da yatsu, kumburin da ido bai gani ba yatsa yana jin sa.

Rufe ta, ka cire katakon gaba, ka riƙe ta ta gindi ka girgiza. In ka ji bututu yana motsi a mahaɗarsa, ta saki, ba ta gwaji ba ce, ta mai gyara ce mai izini.

Daga nan karanta rubutun da ke jikin bututun, galibi a ƙasa inda katako yake rufewa. Za ka ga lamba 12 ko 16 ko 20, wato girman bakin, sannan 65 ko 70 ko 76, wato tsawon ɗakin harsashi a milimita. Wasu kamfanonin da inci suke rubutawa: 2¾ shi ne 70, 3 shi ne 76. Nan ne mutane suke cutar kansu. Harsashi mai 76 yana shiga ɗaki mai 70 ya zauna daram, a rufe bindiga lafiya, saboda tsawon da aka rubuta na kwanso ne bayan ya buɗe. In aka harba, bakin kwanson ba shi da wurin buɗewa, sai matsin wuta ya haura abin da aka gina bindigar a kai. Gajere a dogon ɗaki babu laifi, dogo a gajeren ɗaki haramun ne. Haka kuma kada harsashin lamba 20 ya kwana a aljihu ɗaya da na lamba 12. Na 20 ya fi siriri, yana zurmawa cikin bututun 12 ya maƙale a gaba, ka ɗauka ba ka sa komai ba, ka ƙara wani a bayansa.

Bindigar da maƙeri ya ƙera da bututun famfo, wadda ba ta da hatimin gwajin kamfani, kada a kusance ta da harsashi mai dunƙule ko kaɗan.

2. Zaɓi wuri, ka sanar da mutane

Wurin gwaji shi ne inda akwai tudun ƙasa mai laushi a bayan takarda, wanda ya fi tsayin mutum sosai. Ramin da masu aikin titi suka ɗebi ƙasa suka bari, ko gaɓar rafin da ya ƙafe mai yashi, su ne suka fi. Guji dutse. Mutanen wajen Dutse da Birnin Kudu da Rano sun san irin duwatsun da nake nufi; dalma in ta daki fa, tashi take yi ta nufi inda ba wanda ya aike ta. Haka marmara mai tauri, haka fuskar ruwa. Ƙananan ƙwayoyi irin lamba 6 (wannan lambar girman ƙwaya ce, ba ta bakin bindiga ba) suna kai wa mita 200 da wani abu kafin su zube. Dunƙule kuwa yana iya wuce mita 700 in bai sami abin da ya tare shi ba, kuma ya isa can da ƙarfin kisa. Kara, zana, ko kurmin geza ba sa tare shi.

Bayan kaka gonaki suna zama fili, sai mutum ya ɗauka babu kowa. Lokacin ne kuwa Fulani suke sako shanu cikin kara, mata da yara suna ɗibar itace. Hau tudun da kanka ka duba bayansa kafin ka fara, abokinka kuma ya tsaya inda yake hango hanya.

Je ka gaida mai unguwa ko dagaci kwana ɗaya kafin nan, ka faɗa masa wuri da lokaci, ka leƙa ofishin 'yan sanda na yankin da shugaban 'yan banga. A halin da ake ciki yanzu, ƙarar bindiga goma a bayan gari tana iya tayar da ƙauye guda, wani ya karye a gudu a banza. Kada ka sa ranar kasuwa, kada ka sa Juma'a. Kuma gandun da aka hana farauta, irin Falgore a kudancin Kano da Baturiya a ƙasar Haɗejiya, ba wurin gwajin bindiga ba ne ko da takarda kaɗai za ka harba.

Fita da sassafe. Da hantsi iskar hunturu take tashi, ta riƙa kaɗa takarda tana ture ƙwayoyi. Ajiye kwalin harsashi a inuwa.

3. Gano idon da yake jagora

Miƙa hannu ka nuna wata bishiya mai nisa da yatsa, idanu biyu a buɗe. Rufe na hagu. In yatsan yana nan kan bishiyar, idon dama ne jagora. In ya yi tsalle gefe, na hagu ne. Mai ɗora bindiga a kafaɗar dama alhali idonsa na hagu ne jagora, kullum hagu zai riƙa jefawa, ko wace irin bindiga ka ba shi. Maganinsa ya runtse idon hagu lokacin harbi, ko ya koyi ɗorawa a kafaɗar hagu.

4. Gwajin mita 16: ina take jefawa?

Kafa takarda, ka yi baƙin ɗigo a tsakiya kamar girman ƙwai. Auna mita 16. Sa harsashi mai ƙananan ƙwayoyi, ka tsaya yadda kake tsayawa a daji, ka ɗaga bindiga zuwa kunci, ka harba da zarar ta zauna, ba tare da dogon saiti ba. Yi haka sau uku ko huɗu a kan takarda guda. Inda ramuka suka fi cunkushewa, nan ne bindigar take jefawa a hannunka.

Dalilin zaɓen mita 16 shi ne lissafi. Wannan bindiga ba ta da abin saiti na baya, ɗan ƙwallon da ke kan hancinta kawai gare ta, idonka shi ne saitin baya. Daga ido zuwa ƙwallon kusan mita ɗaya ne. Saboda haka duk kaucewar santimita 16 a takarda, idonka ya kauce da santimita ɗaya a kan katakon baya. In tana jefawa ƙasa, katakon ya yi maka ƙasa. Naɗa masa fata ko yankin roba inda kunci yake zama, kaɗan-kaɗan, kana gwadawa. In sama take jefawa sosai, ko dai katakon ya yi tudu, ko kana ɗaga kai don ka ga abin da ka harba, wanda shi ne ciwon yawancin masu koyo. Ɗan jefawa sama kaɗan ba aibi ba ne ga mai harbin tsuntsu mai tashi, ni har na fi son haka. Kada ka yarda wani ya ce zai lanƙwasa maka bututu a gindin bishiya don ya gyara saiti.

5. Gwajin watsuwar ƙwayoyi

Yanzu sabuwar takarda ga kowane harbi. Ma'aunin da masu ƙera bindiga suke amfani da shi yadi 40 ne, wato kusan mita 36 da rabi, da da'ira mai faɗin inci 30, wato santimita 76. Ɗora katakon gaba a kan buhun yashi, ka yi saiti a natse, ka harba sau ɗaya. Karya bindiga, ka bar ta a buɗe, sannan ka tafi wajen takarda.

Kada ka zana da'irar kafin harbi. Bayan harbi ne za ka duba inda ƙwayoyi suka fi taruwa, ka kafa ƙusa a tsakiyarsu, ka ɗaura zare mai santimita 38 da biro a bakinsa, ka zagaya. Ƙirga ramukan da ke ciki, kana soke kowane da biro don kada ka maimaita. Harsashin lamba 6 mai giram 32 yana ɗauke da ƙwayoyi tsakanin 250 da 300, gwargwadon ƙasar da aka yi shi, domin lambar Ingila da ta Amurka da ta Italiya ba girmansu ɗaya ba. Bututu mai sakakken baki yakan zuba kashi 40 cikin ɗari a da'irar, mai rabin matsi kashi 60, mai cikakken matsi kashi 70. A mai baki biyu, galibi na dama ya fi saki, na hagu ya fi matsi, shi ya sa ake fara harbi da na dama a ajiye na hagu don abin da ya yi nisa. Gwada kowane baki da takardarsa.

Amma ni ƙirga ba ta dame ni kamar giɓi ba. Yanki kwali mai da'ira, faɗin santimita 13, ka riƙa yawo da shi cikin babbar da'irar. Duk inda ya zauna bai taɓa rami ko ɗaya ba, fakara za ta iya bi ta nan ta wuce lafiya. Giɓi biyu ko uku a wannan nisa ba abin damuwa ba ne. In sun yi yawa, canza harsashi kafin ka zargi bindiga. Abin mamaki ne yadda bututu ɗaya zai watsa harsashin wani kamfani kamar an yi yayyafi, ya kuma tattara na wani kamfanin wuri guda ya bar gefe fayau. Kowane iri ka ba shi takarda uku zuwa biyar. Takarda ɗaya ba shaida ba ce.

In harsashi ya yi maka tsada, kuma ya yi tsada, bar mita 36 ɗin, ka gwada a nisan da ka saba harbi, mita 25 ko 30. Abin da kake son sani shi ne nisan da watsuwar take fara yagewa. Wannan nisan shi ne iyakarka ga zabo da dinya da zomo.

6. Gwajin harsashi mai dunƙule ɗaya

Wannan shi ne na babban nama, irin gadun da yake ɓarna a gona, inda hukuma ta yarda a harbe shi. A jikin kwalinsa za ka ga an rubuta slug. Iri biyu ne suka dace da bututu mai santsin ciki irin namu. Akwai na Brenneke, wanda wani Bajamushe Wilhelm Brenneke ya ƙirƙiro a 1898, dalma ce da toshiya maƙale a bayanta. Akwai na Foster, ƙirar Amurka ta shekarun 1930, mai rami a gindi. Dukansu nauyinsu a gaba yake, shi ne yake hana su juyawa a iska. Zanen da ke jikinsu ba don ya murza su sosai ba ne, don ya ba dalma wurin matsewa ne in ta zo bakin bututu. Iri na uku, mai rigar roba da ake rubuta wa sabot, na bututu ne mai zane a ciki. In ka sa shi a mai santsi, a kaikaice zai isa takarda, ka yi asarar kuɗinka.

Dunƙule ya fi son sakakken baki ko mai ɗan matsi kaɗan. In bindigarka mai cikakken matsi ce, kamar yawancin masu baki ɗaya da suke hannun mutane, karanta abin da kamfanin harsashin ya rubuta a kwali. In bai ce ya halatta ba, ko bindigar tsohuwa ce mai siririn baki, haƙura.

Fara daga mita 25. Yi ɗigo babba da za ka iya gani sarai a saman ƙwallon saiti. Ɗora katakon gaba a kan buhu, ba bututun ba. Bututu in ya zauna kan abu mai tauri, tsalle yake yi ya jefa sama. Gara ka tsaya a bayan ganga ka ɗan sunkuya da ka kwanta a ƙasa, domin dunƙule mai giram 28 da yake fita da gudun mita 450 ko fiye a daƙiƙa yana da naushi, kuma jikin da yake tsaye ya fi iya shanye shi. Kada ka jingina bayanka ko kafaɗarka da bishiya ko bango. Danna gindin bindiga cikin kafaɗa sosai, kunci a wuri ɗaya kowane harbi, ka ja kunama a hankali har harbin ya zo maka ba zato.

Harba uku, kana saiti a wuri ɗaya, ko da ka ga na farko ya kauce. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa: mutum ya ga rami a hagu, sai ya karkata dama don ya rama, daga nan takardar ba ta da abin da za ta faɗa masa. Abu biyu kake nema, kuma daban suke. Na farko, yaya ramukan suka taru? Auna daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ya fi nisa da shi. Na biyu, ina tsakiyar taron yake daga ɗigo? Taruwa aikin bindiga da harsashi ne da natsuwarka. Kaucewa kuwa abu ne da za ka iya sani ka riƙa ramawa. Harsashin da ya taru a santimita 6 amma ya kauce hagu ya fi wanda ya watsu ko'ina a kewayen ɗigo.

Duba siffar ramin. Zagayayye tsaf, dunƙulen yana tafiya daidai. Mai tsawo kamar ramin makulli, yana tungure a hanya, wannan irin bai dace da bututunka ba.

Wanda ya yi kyau a 25, kai shi 50. Da ƙwallon saiti kaɗai, taron santimita 10 zuwa 15 a mita 50 abin godiya ne. Bayan nan abubuwa suna lalacewa da sauri, domin dunƙule ƙato ne mai faɗin goshi, kafin ya kai mita 50 ya zubar da kusan rubu'in gudunsa, kuma wanda ya zauna daidai a 50 zai faɗi ƙasa da kusan santimita 20 kafin 100. Hanyar sanin iyakarka mai sauƙi ce: zana da'ira mai faɗin santimita 20, ka tashi daga kan buhu, ka harba yadda za ka harba a daji. Nisan da kake zuba duka harbinka a ciki, shi ne naka. Ga yawancin mutane bai wuce mita 40 zuwa 50 ba. Abin da ya wuce haka raunata dabba ne, ga gadu mai rauni kuma ba abin wasa ba ne.

Mai baki biyu ya gwada kowane baki daban. Da wuya ka samu biyun suna jefa dunƙule wuri ɗaya, wani lokaci ma sai sun gitta, na dama ya jefa hagu, na hagu ya jefa dama. Zaɓi wanda ya fi, ka san shi ne na dunƙule.

Bari bututu ya huce tsakanin taro da taro. In ka ga ramuka suna ta gangarawa ƙasa, wataƙila ka fara tsoron naushi kana dannawa kafin wuta ta tashi. Ba abokinka bindigar ya sa maka ba ka gani, wani lokaci harsashi, wani lokaci kwanson da aka riga aka harba. Ranar da kunama ta faɗa kan fanko ka ga hancin bindiga ya duƙa, ka kama ɓarawon. Tashi haka nan, ka dawo wata rana.

7. In harsashi ya ƙi tashi

Ka ja kunama ka ji ƙyas, shiru. Kada ka karya ta nan take, kada ka juyo kana tambaya. Bar bakinta yana kallon tudu, ka ƙirga sittin, domin harsashin da ya sha danshi yana iya jinkiri ya tashi daga baya. Sannan ka buɗe, fuskarka a gefe. In kuma harbin ya fita da wata 'yar ƙara mara ƙarfi, tsaya, ka leƙa bututu, toshiya tana iya maƙalewa a ciki. Da ma ka mai da leƙa bututu al'ada duk lokacin da za ka sa sabo.

8. Rubutu da shara

A jikin kowace takarda rubuta kwanan wata, sunan harsashi, nauyinsa, nisa, da bakin da ya harba, ka kwafe a littafi ko ka ɗauki hoto da waya. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. In ka canza harsashi da nisa da fatar kunci gaba ɗaya, ba za ka san wanne ne ya gyara ko ya ɓata ba. In ka sami irin da bindigarka take so, riƙe shi. Sabon iri kuma sai ya bi ta takarda kafin ya shiga daji.

Tsince kwansunanka duka ka tafi da su. Dunƙulen da ka gani a jikin tudu ka tono shi, sauran ka rufe da ƙasa, saboda yara suna tsintar dalma su yi wasa da ita har su kai baki. Wanda ya tuna yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kai ma wanke hannu da sabulu kafin ka ci goro ko abinci.

A gida, goge bututun a ranar. Dunƙule yana barin shafin dalma a ciki, za ka gan shi kamar zane-zane masu toka-toka kusa da ɗakin harsashi da wajen baki, kuma in ya taru yana ɓata taruwar harbi. Burushin tagulla da ɗan mai suna fitar da shi, kada ka sa sanfefa ko waya. Bi da busasshen tsumma har ya fito fes, ka shafa mai sama-sama, ka toshe bakin da ɗan ƙyalle mai launi da yake leƙowa waje saboda zanzaro, yadda ba za ka manta da shi ba ranar fita. Bindiga a kulle wuri ɗaya, harsashi a kulle wani wurin, makullan a jikinka.